Giya mai ƙarfi: a ɓoye ta shekaru ko a sha tun tana sabuwa?

Ɗan Bukuru:
Jama'a barkanmu da warhaka. Tambaya ce gare ni ga manyanmu da suka daɗe a harkar nan. Na sayi kwalaben J.W. Lees Harvest Ale a nan Mancesta, da Fuller's Vintage Ale guda biyu a cikin kwalinsu. Ƙanwata za ta yi aure idan ta gama makaranta, nan da shekara huɗu ko biyar in Allah ya kai mu, ina so a buɗe su a lokacin. Ɗakin da nake haya ƙarami ne, ga hita tana aiki duk lokacin sanyi. Shi ne nake tunanin in tafi da su gida wannan Kirsimetin, in ajiye a ɗakin Baba a Bukuru, tunda Filato akwai sanyi. Za su kai lokacin? Kuma a tsaye ake ajiye su ko a kwance?

Sarkin Musu:
Ikon Allah. Mutum ya sayi abin sha ya kulle shi shekara biyar sai ka ce fili ya saya yana jiran ya yi daraja. Ɗan'uwa buɗe abinka ka sha, ranar auren a sayo sabuwa.

Kawu Bitrus:
Ɗana, ka tambayi abu biyu, bari in fara da wanda ba ka tambaya ba, wato ko kwalaben da ke hannunka irin na ajiya ne. E, irinsu ne. Harvest Ale ƙarfinta 11.5 cikin 100, tun 1986 suke yin ta sau ɗaya a shekara, kuma suna buga shekarar a jiki saboda sun san mutane ajiyewa suke yi. Ta Fuller's kuwa a 1997 aka fara ta a Landan, ƙarfinta wajen 8.5, kowace kwalba da lambarta, kuma akwai yis mai rai a ciki. Duk shekara suna ɗan canza tsiro da hob ɗin da suke sawa, wato furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, don haka ta bana ba irin ta bara ba ce.

Abin da ya sa baliwayin, wato irin wannan giyar sha'ir mai ƙarfi, ke jure ajiya shi ne yadda ake dafa ta. Tsiron sha'ir ake labtawa da yawa, a tafasa ruwan tsiron ya daɗe har ya yi kauri ya yi duhu, yis ya ci iya cinsa ya gaji ya bar sauran sukari a ciki. Ƙarfin barasa ya hana ƙwayoyin da ke ɓata giya sakewa, ragowar zaƙin kuma shi ne abin da shekaru za su yi aiki a kansa. Tana sabuwa za ka ji ta da zafi a maƙogwaro, zaƙin ya yi yawa, komai a warwatse. Bayan shekara uku zuwa biyar zafin ya kwanta, sai ƙamshin dabino da zabibi da busasshen ɓaure ya fito.

Ba yau Turawan Ingila suka fara wannan ba. A manyan gidajen attajiransu na da, idan aka haifi magaji akan dafa giya mai ƙarfi a rufe a ganga, ba za a buɗe ba sai ya cika shekara 21. Thomas Hardy's Ale da aka fara a 1968 a garin Docesta, a takardar jikinta ma sun rubuta cewa za ta kai shekara 25. Kamfanin farko ya daina yin ta a 1999, wani ƙaramin kamfani a Debon ya ɗauka daga 2003 zuwa 2008, kuma har gobe masu tara kwalabe suna neman na wancan zamanin.

Amma maganar kai su Bukuru, ban goyi baya ba. Sanyin Jos na mutum ne, kwalba ba ta ganin sa sanyi.

Ɗan Bukuru:
Na gode Kawu. Amma fa da hunturu har rigar sanyi biyu muke sawa a gida.

Kawu Bitrus:
Da hunturu, da dare. To watan Maris da rana fa, a ƙarƙashin kwano? Abin da ake so digiri 10 zuwa 13, kuma ya zauna a haka shekara ta zagayo. Hawa da saukar nan ma illa ce.

Malam Kimiyya:
Assalamu alaikum. Ni ba na sha, addinina ya hana, amma kimiyyar abinci nake koyarwa kuma wannan yana cikin darasinmu, don haka bari in sa baki.

Abin da kuke kira tsufan giya, mafi yawansa aikin iskar oksijin ne. Komai ƙwarewar kamfani, ɗan kaɗan na shiga lokacin ɗura kwalba, sannan wani yana sulalewa ta robar da ke ƙarƙashin murfin ƙarfe a hankali cikin shekaru. Iskar nan ba ta zaɓe. A giya mara nauyi irin laga, abin da ke fara bayyana wani sinadari ne da ake kira nonenal, mai warin jiƙaƙƙen kwali. Kaɗan ƙwarai hanci ke buƙata ya gane shi. A giya mai duhu mai yawan tsiro, iskar tana haɗuwa da sinadaran da doguwar tafasa ta haifar, sai ta ba da ƙamshin da Kawu ya ambata. Warin kwalin ma yana nan a cikinta, sai dai akwai abin da ya danne shi. Ranar da ya fi ƙarfin abin da ke danne shi, kwalbar ta wuce lokacinta.

Game da zafi akwai ƙa'idar da muke koya wa 'yan aji ɗaya: duk ƙarin digiri 10, saurin irin wannan canjin yana ninkawa kamar sau biyu, wani lokaci ma fiye. Kwalbar da ke digiri 32 tana tsufa aƙalla ninki huɗu na wadda ke digiri 12. Kuma kar a ɗauka gajeriyar hanya ce, domin zafi ya fi hanzarta munanan canje-canjen. Shekara biyar a ɗaki mai rufin kwano, ko a Jos ne, ban ga abin da zai rage ba.

Sai haske. Sinadarin ɗacin hob idan rana ta buge shi yana fashewa ya haɗu da sulfa, ya ba da wani wari mai kama da na tunku. Cikin mintoci ma yana faruwa. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare mafi yawan hasken, kore tana tare kaɗan, fara kuwa ba ta tare komai.

Abu Sadik:
Haba Malam, har da kai a wannan zance? Ni dai na shigo zauren nan ne saboda maganar aikin otal, ban san za a koma koyar da ajiyar giya ba.

Malam Kimiyya:
Ɗan'uwa na fahimce ka. Ban ce kowa ya sha ba. Sinadaran nan su ne ke sa man gyaɗa ya yi ɗaci, su ke lalata lemon kwalba da aka bari a rana, kuma ɗalibaina da yawa a kamfanonin malta suke aiki. Wanda zancen bai shafe shi ba sai ya wuce, zauren na kowa ne.

Maman Ladi:
Ina ta karantawa ina dariya. Mamana burkutu ta dafa ta yi mana makaranta da shi. A gidanmu giyar da ta kwana uku sai dai a ba wanda ya zo cin bashi. Jar dawa ake jiƙawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, a zuba mata ragowar ta jiya ta tashi. Ranar da ta tashi tana kumfa a tukunya ranar ake sha. Washegari ta fara kaifi. Jibi ta zama ruwan tsami. To ku gaya min, Malam, me ya sa ta Bature take kai shekara ashirin, tamu ba ta kai mako?

Malam Kimiyya:
Tambaya mai kyau, Mama. Abu huɗu ne a taƙaice. Burkutu ƙarfinta kaɗan ne idan aka gwada da waccan, ba hob a ciki wanda shi ma yana hana wasu ƙwayoyi yaɗuwa, tukunyar a buɗe take iska na shiga yadda take so, sannan ba yis kaɗai ke ciki ba. Akwai ƙwayoyin da ke sa nono tsami, akwai kuma waɗanda ke juya barasa ta zama ruwan kal idan sun sami iska. Su na biyun nan su ne ke cinye muku ita a rana ta uku. Ba a yi ta don ajiya ba tun farko, an yi ta ne a sha tana raye.

Maman Ladi:
Ai kuwa Mama takan ce giyar da ta daina motsi a tukunya ta mutu.

Oga Tanko:
Ni a ɗakin ɗura kwalba nake aiki a wani kamfanin giya a nan Najeriya, ba sai na faɗi sunansa ba. Ina so in ja kunnen 'yan'uwa na gida, kar wani ya karanta wannan ya je ya sayi kiret ɗin laga ya tura ƙarƙashin gado yana jiran ta zama dabino. Laga ranar da ta bar kamfani ita ce ranarta mafi kyau, daga nan gangara take yi. An tace ta, an ɗumama ta an kashe duk abin da ke raye a ciki, ba ta da nauyin da zai ɗauki shekaru. Kwanan watan da muke bugawa a wuyan kwalba ba ado ba ne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake jibge kiret a bakin shago rana na dukansa tun safe. Mai saye ya sha ya ce kamfani ya rage inganci.

Sarkin Musu:
To baƙar nan fa, Oga? Ai ita ma tana da ƙarfi.

Oga Tanko:
Guinness ta Najeriya 7.5 ce, ta fi wadda ake zubawa a mashayar Dublin ƙarfi nesa ba kusa ba. Asalin irin wannan sitawut ɗin an ƙara mata ƙarfi da hob ne don ta jure doguwar tafiyar jirgin ruwa zuwa ƙasashe masu zafi. A Ikeja suka kafa kamfani a 1962, kuma bayan gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 aka koma amfani da dawa da masara. Ta fi laga juriya, wannan gaskiya ne. Amma juriya daban, gyaruwa daban. Ni ba zan ce wa kowa ya ɓoye ta shekaru a zafin ƙasar nan ba.

Ɗan Kalifoniya:
Bari in kawo ɓangaren Amurka, domin tamu ta bambanta da ta Ingila sosai. A nan Anchor ce ta fara da Old Foghorn a 1975 a San Faransisko, kamfanin da ya rufe a 2023. Sai Sierra Nevada ta fito da Bigfoot a 1983, ƙarfinta 9.6, kuma hob ake labta mata ba tausayi. Wani maƙwabcina dattijo yana sayen kwali ɗaya duk shekara idan ta fito da sanyi, ya rubuta shekarar a murfi da alƙalami ya kai ɗakin ƙasa. Ya gayyace ni ranar da ya jera na shekaru daban-daban a teburin kicin, ƙananan kofuna, da ruwa da busasshen burodi a gefe.

Sabuwar da ya fara zubawa ja ce garau, kumfa ya tsaya a kai, ƙamshinta kamar ɓawon lemu da ƙaron itace, ɗacinta kuma har bayan ka haɗiye yana manne a harshe. Mai shekara uku ɗacin ya sauka, zaƙin mazarƙwaila ya fara leƙowa, amma har yanzu ka san hob na nan. Mai shekara shida ta yi duhu, kumfan ya zama siriri a gefen kofi, hob ya tafi kusan gaba ɗaya, sai dabino da wani ɗan bauri. Wadda ta haura goma kuwa da ya buɗe murfin da ƙyar ta yi 'yar ƙara. Dattijon ya lumshe ido yana yabonta. Ni gaskiya mai shekara uku ta fi min.

Sarkin Musu:
Yawwa! Ka ga abin da nake faɗa. Kamfani ya kashe kuɗi ya zuba hob mai tsada, kai kuma ka zauna shekara shida kana jira ya gudu. Da ka sayi wadda ba hob tun farko. Kuma ni na lura da wani abu: duk wanda ya yi shekara goma yana gadin kwalba ba zai taɓa buɗewa ya ce ba daɗi ba. Kunya ma ba za ta bar shi ba. Sai ya rufe ido ya fara lissafo 'ya'yan itatuwa.

Kawu Bitrus:
Sarki, yau ka faɗi gaskiya rabi. Na yi aiki a mashaya a Antwap ta Beljiyam shekaru masu yawa, na ga irin mutanen da kake faɗa. Akwai wata kwalba, ba zan faɗi ta wane kamfani ba, da wani baƙo ya kawo daga gidansa yana ta kurari, ta fi shekara ashirin. Da aka zuba, ba kumfa ko ɗigo, warinta kamar an narkar da dunƙulen magi a ruwa. Yis ɗin da ke ciki ya mutu ya fashe ya saki abin cikinsa. Mai ita ya shanye kofinsa yana cewa ai haka ake so.

Amma ɗaya rabin fa? A Antwap ɗin, lokacin da nake aikin mashaya, akwai mashayar Kulminator da ta yi suna a duniya kan tsofaffin kwalabe, mutane na tasowa daga Japan da Amurka, kuma ba duka ne wawaye ba. Ka samu Rochefort 10, mai ƙarfi 11.3, ka ajiye sabuwa kusa da mai shekara huɗu, ko kai mai musu za ka ji bambanci, kuma na yi imani tsohuwar za ka zaɓa. Chimay mai shuɗiyar takarda, 9 ce, suna buga shekara a babbar kwalbar saboda wannan dalilin. Abin da na yarda da kai shi ne yawancinsu suna kai ƙololuwa tsakanin shekara biyu zuwa biyar ko shida. Bayan nan caca ce. Kuma duk giyar da daɗinta yake a ƙamshin hob, ajiye ta asara ce, a nan ba ni da ja.

Ɗan Kalifoniya:
Kawu, ai an ce an taɓa shan wadda ta haura shekara ɗari.

Kawu Bitrus:
An yi. A 2006 aka gano tsofaffin kwalabe a ɗakin ajiyar wani kamfani a garin Baton na Ingila, garin da giyar kamfanin Bass ta yi suna. A ciki akwai Ratcliff Ale ta 1869, da King's Ale ta 1902 wadda aka yi lokacin da Sarki Edward na bakwai ya ziyarci kamfanin Bass. Waɗanda suka ɗanɗana ta 1869 sun ce tana shayuwa. Amma ka lura da inda ta kwana duk shekarun nan, a ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu da sanyi, an toshe bakinta an like da kakin zuma, ba mai taɓa ta. Ba a bayan wadirob ba.

Ɗan Bukuru:
To na haƙura da Bukuru. Saura tambayata ta biyu, tsaye ko kwance? Kuma firij fa?

Oga Tanko:
Tsaye. Murfin ƙarfe ba ya bukatar jiƙa, in ma ka kwantar giyar na taɓa shi yana iya yin tsatsa. A tsaye yis ɗin zai kwanta a gindi ya dunƙule, idan ka zo zubawa ka tsiyaye a hankali ka bar shi a ciki. Firij yana rage saurin komai, ba za ta lalace da wuri ba amma kuma ba za ta canza sosai ba. Idan zaɓinka firij ne ko ɗaki mai hita, ɗauki firij.

Kawu Bitrus:
Mai toshiyar kwak ce kaɗai ake gardama a kanta. Masu yin gos, wata giya mai tsami, a Burasel da yawa kwantar da tasu suke yi, wasu kuma sun ce ko ita a tsaye. Naka duka murfin ƙarfe ne, ba ruwanka da wannan. Nemi wani ɗan coci mai gida da ɗakin ƙasa, tsofaffin gidajen Mancesta da yawa suna da shi. Sa su a kwali ka rufe, ka ɗaga daga ƙasa saboda laima. Kuma kar ka jira shekara biyar ba ka taɓa ko ɗaya ba. Duk shekara buɗe ɗaya daga cikin Harvest ɗin, ka rubuta abin da ka ji a takarda ka jefa cikin kwalin. In ka ji ta fara gangara, ka san abin yi. Ranar sha kuma kar ka ba ta sanyin ƙanƙara, ka fito da ita ta ɗan huce zuwa digiri 12 ko 13, in ba haka ba ƙamshin da ka yi shekaru kana jira ba zai tashi ba.

Nas Rahila:
Yayyena ku yi haƙuri in ɗan ɓata muku hira. Kwalbar Harvest ɗin nan ƙarama ce, mililita 275, amma a lissafin Ingila ta haura yunit 3 na barasa. Shawarar hukumar lafiya a nan kar a wuce 14 a mako. Zaƙinta ke yaudarar mutum, ba ya jin ƙarfin sai ya miƙe tsaye. Irin jerin da Yaya na Kalifoniya ya ba da labari, idan mutum biyu suka buɗe kwalba shida su kaɗai, ɗanɗano ya ƙare tun a ta uku. Ku tara mutane a raba, a ci abinci, kuma wanda zai tuƙa mota ya sha malta. Ina aikin dare a sashen gaggawa, na san abin da nake gani ranar Juma'a.

Ɗan Kalifoniya:
Gaskiya ne Anti. Mu shida ne a teburin ranar, kowa ɗan kurɓi biyu uku a kofi.

Sarkin Musu:
Kawu, tunda ka ce ko ni zan zaɓi tsohuwar, mu gwada. Ina zuwa Beljiyam da bazara wajen yarona. Ka tanadi Rochefort ɗin, sabuwa da mai shekara huɗu. Amma da sharaɗi: ba kai za ka zuba ba, kuma kofunan su zama masu duhu don kar launi ya tona. Kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban. In na kasa gane na daban, ka daina yi mana wa'azin dabino a zauren nan.

Malam Kimiyya:
Wannan gwajin kofi uku shi ne ainihin wanda ake yi a ɗakin bincike. Sai dai ka sani ko da ka yi cankau kawai, sau ɗaya cikin uku za ka dace. Ku maimaita shi da mutane da yawa kafin wani ya zo nan yana ihun nasara.

Kawu Bitrus:
Na karɓa. Matata za ta zuba, ita ba ta goyon bayan kowa a cikinmu. Amma in ka gane kuma ka zaɓi tsohuwar, kai za ka biya kuɗin duka kwalaben, har da na maimaicin da Malam ya ce.